Wanda Ya Zauna a Gindin Katanga

Maganar ta taso ne daga kasuwar garin Kundiawa, can ƙasar duwatsu, a layin masu sayar da dankali. Wai ranar da za a gwada matan da ke neman shiga aikin 'yan sanda, an ɗora sabon layin bulo a kan katangar da ake hayewa, don mata su faɗi. Kafin labarin ya gangara tashar mota, layi ɗaya ya zama biyu.

Perpetua Kawage ta ji, ta taɓe baki. Ta tsufa tana shugabar makaranta, ta san yadda labari ke yin ƙiba a hanya. Amma wannan ya shafe ta, domin jikarta Rosina na cikin waɗanda suka faɗi a katangar, kuma shekarunta sun kai iyakar da ake ɗauka. In kotu ba ta sa an sake gwada ta ba, ta yi sallama da kaki har abada.

Lauyan Rosina, Ignas Bomai, ya gina ƙarar kacokan a kan bulon nan. Lauyan gwamnati kuma ya tsaya a kan cewa ba a taɓa katanga ba, hannun mace ne bai da ƙarfi, haka Allah ya yi su. Perpetua ba ta yarda da ko ɗaya ba. Yarinyar da ke haye shingen gona a gefen dutse da kayan dankali rataye a goshi, ita ce za a ce hannunta ya gaza?

Da alƙali ya ce kowa ya hallara a filin gwajin a ga katangar da ido, sai tsohuwa ta ɗauki lemarta ta shiga mota tare da jikar.

"Ke, kalle ni nan," ta ce, motar na jijjiga su. "Katangar ce ta fi ki?"

"Bubu," in ji Rosina, yadda ake kiran kaka a can, "don Allah ki ƙyale ni. Kaina ciwo yake."

"Kan naki ya daɗe yana ciwo. Wa ya gwada ku ranar?"

"Mai agogo."

"Mai agogo! Uwarsa ba ta raɗa masa suna ba?"

Rosina ta juya wajen taga. "Ke dai tsohuwar nan, ko a kabari sai kin yi wa mala'iku jarrabawa."

"Sai na yi, kuma sai na ba su maki." Ta yi dariya, amma ba ta ɗauke ido daga hannuwan yarinyar ba, waɗanda ke ta murɗa igiyar jakarta.

Filin ciyawa ne mai faɗi, katangar na tsakiya, da wata bishiya can gefe mai benci a inuwarta. Tun kafin manya su gama gaisawa, Perpetua ta riga ta isa wurin. Ta ɗaga lema ta goga saman katangar. Gansakuka ce ta zubo, tsohuwa, baƙa, iri ɗaya da ta ƙasa. Babu sabon siminti, babu tabon inda aka ɓamɓare wani abu. Ta dawo ta ja rigar Bomai.

"Ɗana, bulonka babu shi."

"Mama, ki zauna. Wannan aikin masu doka ne."

"Na zauna. Amma babu shi."

Alƙalin, Mai Shari'a Vagi, mutumin bakin teku ne, ba ɗan duwatsun nan ba, kuma ba ya son dogon zance. Ya sa aka auna katangar, ta yi daidai da abin da ƙa'ida ta ce. Lauyan gwamnati ya gyara tsayuwa.

"Ranka ya daɗe, tunda mun zo, mai ƙara ta gwada mana mu gani. In ta kasa, kowa ya ga dalili."

Bomai ya yi tsalle ya ce bai yarda ba. Alƙali ya ce ya yarda.

Rosina ta cire takalmi. Ta sheƙo a guje, ƙafa ɗaya ta taɓa bango, hannu biyu suka kama sama, sai ga ta a ɗaya gefen tana kakkaɓe gwiwa. Ko numfashinta bai canza ba.

Bomai ya ɓata fuska. Lauyan gwamnati kuwa nan take ya sauya waƙa ba kunya.

"To, ranka ya daɗe, ka gani. Katanga lafiyarta lau, gwaji lafiyarsa lau. Ranar ce dai ba ta yi ƙoƙari ba. Kotu ba ta gyara wa mutum lalacinsa. A kori ƙarar."

Alƙali ya buɗe littafinsa ya zare alƙalami.

A lokacin ne Perpetua ta lura Rosina ba ta dawo ta hanyar da ta fi kusa ba. Ta yi dogon zagaye, kanta a sunkuye, ta ba wani ɗan sanda baya, wani ƙaƙƙarfa mai furfura da agogo rataye a wuya. Tsohuwa ta ƙura masa ido. Kakin ne ya ɓoye shi. Ranar biyan sadakin Rosina shi ne ya tsaya a gaban dangin ango yana jan aladun sadakin. Saja Kaupa Gigmai, yayan mijin Rosina, wanda bakinta bai isa ya ambaci sunansa ba.

Rosina ta ga inda kakarta ke kallo. Ta cafke mata hannu.

"Bubu, kar ki yi. Na roƙe ki. A gidansu nake kwana."

"Kina son aikin ko ba kya so?"

Alƙalamin alƙali ya fara tafiya.

"Ke nake tambaya. In ba kya so, mu je mu kama mota."

"Ina so," in ji Rosina, da ƙyar aka ji ta.

Perpetua ta buga lema a ƙasa. "Ranka ya daɗe!"

"Wace ce wannan?"

"Kakarta ce. Ba ni da izinin magana, na sani, in ka gama ka sa a ɗaure ni. Amma ba haka aka gwada ta ba. Yau babu kowa a wurin. A ce mai agogo ya koma inda ya zauna ranar, ta sake."

Lauyan gwamnati ya yi dariya. "Mama, nan ba aji ba ne."

"Da aji ne da tuni kana durƙushe a rana."

Wani kurtu ya toshe baki. Alƙali bai yi murmushi ba, amma ya ajiye alƙalami. "Saja, je ka zauna inda ka zauna."

Kaupa ya nufi bencin bishiya. Daga bayan shingen waya, inda sauran matan da aka gwada suka taru suna kallo, wata ta ɗaga murya: "Ba nan ba!" Wata ma ta ce, "Ba nan ba!"

"Saja," in ji alƙali, "ka yi rantsuwa da safen nan."

Mutumin ya tsaya cak. Sannan ya juyo a hankali, ya je gindin katangar, daidai inda mai hayewa ke ɗaga ƙafa, ya zauna a ƙasa ya jingina bayansa.

A duwatsun nan an yi imani cewa in mace ta tsallake namiji zai yi ciwo ya rame, amma Perpetua ba ta taɓa yarda da hakan ba. Ta yi shekaru tana koyarwa a saman bene, malamai maza a ƙasa, ba wanda ya rame. Amma ta san abin da ke biyo baya in mace ta tsallake kan yayan mijinta. Ko tari ya yi bayan shekara, ita ce. Dangi za su zo neman diyya, ƙila su tafi da 'ya'yanta.

"Mai ƙara, bisimilla," in ji alƙali.

Rosina ta taho a guje. Saura taku kaɗan ƙafafunta suka ƙi. Ta tsaya a gabansa, fuskarta a kauce, agogon na ta tafiya a ƙirjinsa.

"Me ya tsayar da ke?" in ji alƙali. "Ga wuri ta gefensa. Wane ne shi?"

Rosina ta juya ta dubi kakarta.

"Ba za ta iya faɗin sunansa ba, ranka ya daɗe," in ji Perpetua. "Shi ka tambaya."

Alƙali ya tako har gaban katangar. "Saja, nan ƙa'ida ta ce mai agogo ya zauna?"

"A'a, ranka ya daɗe. A benci."

"Da aka gwada maza, ina ka zauna?"

"A benci."

"To me ya kawo ka nan?"

Kaupa bai ɗago kai ba.

"Matar ƙanena ce. A gida an ce ba za ta tafi aikin nan ta bar gona da yara ba. Da layin mata ya zo, sai na dawo nan na zauna. Na san babu 'yar duwatsu da za ta haye kaina."