Masu Daka a Kunnen Isyaku

Isyaku ya daina shan maganin hawan jini, kuma ba mantawa ya yi ba.

Direban keken adaidaita sahu ne. Ranar Asabar ba ya ɗaukar fasinja, sai ɗalibai masu koyon aikin nas, daga Gyaɗi-Gyaɗi zuwa wani ƙaramin asibitin unguwa a Tarauni, inda suke auna wa mutane jini kyauta. Shi ma kyauta yake kai su. Tsofaffi suna tsoron abin da ake ɗaurawa a dantse, wai jini yake zuƙa. Sai Isyaku ya naɗe hannun riga ya zauna a gabansu.

"Kun gani, Baba? Ko cizo ba ya yi."

A wajen wannan gwajin ne Saratu, ɗaya daga cikin ɗaliban, ta ga abin da ta gani. Ta kira ƙawarta Deborah ta sake aunawa.

"Kawu, jininka ya hau sosai."

"In ji ke da aka koya wa jiya?"

"To, saurara da kanka."

Ta sa masa abin sauraren bugun zuciya a kunne. Ya rufe ido. Dum. Dum. Sai ga tsakar gidansu a ƙauye, can wajen Rano, da hantsi. Innarsa da ƙanwarta suna luguden gero, kaji suna zagaye turmi, hayaƙin kara yana tafiya a hankali bisa danga. Inna ta rasu tun yana saurayi. Sai da Saratu ta taɓa shi ya buɗe ido.

Daga ranar ba ya bukatar abin sauraren. In rana ta take, ya faka ƙarƙashin darbejiya ya kwanta a kujerar baya, dakan yana zuwa da kansa, har ƙamshin gero yake ji.

Babbar nas ta ba shi ƙwayoyi. Ya sha. Dakan ya koma kamar a maƙwabta, sannan kamar a wani gari, sannan shiru, sai ham ɗin motoci. Ya tura ƙwayoyin ƙarƙashin kujera.

"Kawu, kana sha kuwa?" in ji Saratu.

"Maganinku ya kore min masu daka."

Ta yi dariya, sai ta ga shi bai yi ba.

"Wallahi jijiyarka ake dakawa."

"Inna ce. Ba ta taɓa cutata ba. Shiga mu tafi."

Wata Asabar, daf da kasuwar Tarauni, keken cike da ɗalibai, hannunsa na dama ya zame daga totur kamar barci ya ɗauke shi. Keken ya gangara ya jingina da bakin kwata. Deborah ta riƙe masa kai, Saratu tana ihun a tsayar da mota.

Ya rayu. Bakin da ya karkace ya dawo daidai. Hannun bai dawo ba. Bayan sallah mai keken, wanda Isyaku yake yi wa tuƙi, ya zo ya yi masa sannu, ya karɓi makulli ya ba wani.