Farin Zobe a Fanken Danuta

Danuta na cikin cusa tsumma a ƙasan taga aka buga ƙofa. Ko waigawa ba ta yi ba. Kwaɓin fanke na kan kujera kusa da murhu, lulluɓe da tawul biyu, bai gama tashi ba. Alhamis mai maiƙo ce, ta ƙarshe kafin azumin Ista, ranar da babu gida a garin Radom da ba ya ƙamshin suya.

Aka sake bugawa, a hankali.

"Danusia, buɗe."

Pani Leokadia ce, wato Madam Leokadia, tsohuwar da ƙofarta ke kallon ta Danuta a hawa na uku, mai kiran ta Danusia. Shekara ashirin da shida suna maƙwabtaka, kuma duk shekarar Allah sai ta kushe fanken Danuta. Za ta ɗauki guda ta jujjuya, tana neman farin zoben nan da ke zagaye cikin fanken da ya tashi sosai. In ba ta gani ba ta ajiye, ta ce wannan na jifan kare ne. Ita ce kuma ta kafa doka: muddin kwaɓi na tashi, ko Fada na coci ne da kansa ya buga ƙofa, ya jira, don iska kaɗan ta isa ta kwantar da shi. Shekara uku da suka wuce har gwada ta ta yi. Ta buga wai ta kawo wasiƙa, Danuta ta buɗe, tsohuwar ta tsaya a bakin ƙofa tana dariya, sanyin bene na kwarara ciki. Matan gidan suka yi ta yi da ita har Ista.

Bana hannun tsohuwar ya ƙi murza kwaɓi. Ta miƙo kwalbarta ta ƙarshe ta jam ɗin furen wardi, ta ce a gani ko za a yi abin kirki kafin ta mutu. Danuta ta rantse sai ta ji "ya yi" daga wannan bakin, ko da sau ɗaya ne.

"Haba Pani Leokadia, sau biyu? Ke kika ce ko Fada ne ya jira."

"Ba na jin daɗi, Danusia."

"Ni ma haka. Saura minti ashirin."

Ta ji jan silifas yana komawa. Wallahi daɗi ta ji, har da murmushi, yau ta ci gwajin.

Kwaɓi kuwa ya tashi har ya ɗaga tawul. Ta yanka, ta mulmula, ta jefa cikin mai. Na farko da ta juya sai ga zoben, fari tas, ya zagaye shi ba yankewa. Minti ashirin ya zama awa ɗaya da rabi, don wa zai bar mai a wuta? Ta ɗura jam, ta barbaɗa sukari, ta zaɓi shida mafi kyau ta tsallaka da su a faranti.

Ƙofar a buɗe take. Pani Leokadia na zaune a kan ɗan bencin saka takalmi, kanta jingine da bango, kwat ɗinta a hannu ɗaya, takalmi a ƙafa ɗaya. Ashe fita za ta yi neman wanda zai buɗe mata.

Likitan da ya zo da motar asibiti ya ce ta riga ta rasu, zuciya ce. Ya tambayi ko wani ya ji motsinta da safen. Danuta ta ce tana suya. Matan gidan suka taru a bene suna cewa tsohuwa ta yi sa'ar maƙwabciya, wasu sai sun kwana uku kafin a gano su. Danuta kuwa haushi na cin ta. Haushin kanta, da haushin tsohuwar da ta koya mata rufe ƙofa sannan ta zo tana bugawa.

Direban motar, wani ƙato mai gashin baki, ya hango farantin a kan tebur. Ya ce tun safe bai ci ko guda ba, kuma ba a barin wannan rana ta wuce haka. Ya ɗauka, ya jujjuya, ya gatsa.

"Pani, wa ya soya? Wannan ya yi."

Suka sauka da ita. Danuta ta zauna a kan bencin, kusa da takalmin da ya rage. Ƙofofin biyu a buɗe suke, iskar bene na wucewa ta kan fanke biyar, tana kwashe sukarin kaɗan-kaɗan.