Koren Layi

"Kunna mana abin, mu gani da idonmu," in ji Alhaji Auta, ya dangwara takardarsa a kan tebur. Kawu Munzali ya ajiye tasa a gefe, har da ɗan bugun tebur, kada a ce shi bai iya fushi ba.

Tasi'u ya dubi takardun, gumi ya fara bin bayansa duk da fankar da ke kaɗawa. Dukkansu aikinsa ne, ga hatimin shagonsa nan na awon filaye da ke bakin kasuwar Birnin Gwari. Fadama ɗaya ce a ƙauyensu na yankin Gayam. A takardar Kawu, gonarsa ta miƙe daga yamma har bakin rafi. A ta Alhaji, tasa ta taso daga gabas, ta tsallake rafin, ba ta tsaya ba sai gindin tsamiya. Abin da ke tsakanin tsamiya da rafi kowa an ba shi, kowa ya yi godiya.

Tun da mutane suka fara komawa gonakin da 'yan bindiga suka kore su, aka tarar daji ya cinye iyakoki. Ikon Allah, sai ga shi gudun hijira ya ƙara wa kowa faɗin gona a cikin kansa. Kawu Munzali yayan mahaifiyar Tasi'u ne, shi ya riƙe shi har ya gama makaranta. Alhaji Auta kuwa mahaifin Muslimat ne, wadda ake shirin sa musu rana bayan girbi. To wa zai ce wa a'a?

Sai kwamfuta ta yi masa rana. A manhajar da yake zane da ita, kowane layi yana zama a leyarsa, kamar ledoji masu shara-shara da aka jera wata kan wata. Iyakar Kawu ja ce, ta Alhaji shuɗiya. Kowane shafi kuma yana da tagar da ke leƙa zanen, kuma kana iya daskarar da leya, wato ka ɓoye ta, a taga ɗaya ba tare da ka taɓa sauran ba. A tagar Kawu ya daskarar da shuɗi, a ta Alhaji ya daskarar da ja. Shi a wurinsa bai yi ƙarya ba, bai goge komai ba, kowa dai an nuna masa abin da ransa yake so. Gwani ke nan!

Akwai layi na uku, kore, a leyar da ya sa wa suna BABA. Wurin da ake rigimar gonar mahaifinsa ce, Malam Habibullahi. A cikinta aka harbe shi yana yankan shinkafa, a gindin tsamiyar aka binne shi cikin sauri. Tasi'u ya auna ta, ya zana, sannan ya daskarar da ita a tagogin biyu, don yana son Muslimat, yana kuma jin kunyar Kawu.

"Mun je gaban Dagaci, kowa ya zaro takardarsa," in ji Kawu. "Har 'yan kallo sai da suka yi mana dariya. Ni da furfurata!"

"Dagaci ya ce ranar Juma'a a kawo takarda ɗaya, babba," in ji Alhaji. "Yanzu za ka yi ta, muna tsaye."

Suka tsaya masa a ka, ɗaya a dama ɗaya a hagu. Tasi'u ya buɗe sabon shafi, ya ja sabuwar taga. Ya manta abin da ya fi kowa sani a garin nan, cewa sabuwar taga ba ruwanta da sirrin kowa. Duk leyoyin suka fito lokaci guda. Ja ya hau kan shuɗi, kore ya zauna daram a tsakiyarsu.



"Wannan koren fa?" Alhaji ya tambaya, kamar bai sani ba.

"Gonar Baba ce."

Kawu ya yi gyaran murya. "Allah ya jiƙan Habibu."

"Amin, amin. Mutumin kirki," in ji Alhaji. "Goge shi."

"Ƙwarai, goge shi," in ji Kawu. "Yana cika takarda."

Tasi'u ya ɗaga kai ya dube su. Tun yana yaro bai taɓa jin bakinsu ya zo ɗaya ba, ko a kan ganin wata. Yau ga shi har suna karɓa wa juna magana.

"Malam Munzali, mu fa manya ne," in ji Alhaji, murya ta yi laushi. "A raba wurin biyu a huta. Yaron nan ɗan birni ne, me zai yi da taɓo? Ga shago, ga mata na zuwa." Ya dafa kafaɗar Tasi'u. "Muslimat ma ta ce in gaishe ka."

Tasi'u ya gane abin da gaisuwar ke nufi. Ya kai linzamin kwamfutar kan leyar BABA. Dannawa ɗaya ce, a sa ranar biki bayan girbi.

"Rabin tsamiya ya faɗo wajena ke nan," in ji Kawu, yana auna allon da yatsa. "Ita ma a sare ta. Inuwarta ce ke hana shinkafa."

"A sare," in ji Alhaji. "Tarakta ta samu hanya."

Tasi'u ya tuna kabarin da ke gindin tsamiyar. Wani baƙin ciki ya kama shi, har da jin haushin kansa. Ya sauko da linzamin ya daskarar da ja, ya daskarar da shuɗi. A ƙasan shafin ya rubuta: Gonar magadan Malam Habibullahi. Ya tura wa firinta.

Tsohuwar firintar ta shiga gurnani, tana turo takardar a hankali kamar da gayya. Tsamiya ta fito, rafi ya fito, koren layi ya zagaye su shi kaɗai.

"Tasi'u, ka san abin da ka yi kuwa?" in ji Alhaji.

"Na sani, Baba Alhaji. Ranar Juma'a ni zan kai wa Dagaci."

"Ɗan da na riƙa!" Kawu ya riƙe baki. "Ashe butulu na yi wa tuwo."

"Rabu da shi, Malam Munzali. Zo in sauke ka a tasha, akwai maganar da za mu yi."

Tasi'u ya bi su da kallo ta ƙofa. Alhaji ya tada babur, Kawu ya tattare babbar riga ya ɗare bayansa, har da riƙe masa ƙugu. Suka ɓace cikin masu buhunan masara.

Yana naɗe takardar wayarsa ta yi ƙara. Muslimat ce. Ya daɗe yana kallon sunan kafin ya ɗauka.

"Yaya aka ƙare?" ta tambaya, da murnarta. "Sun shirya?"

"Sun shirya," in ji Tasi'u. "Ai yau har goyon Kawu babanki ya yi a babur."