Turakun da ke Ƙarƙashin Ruwa

Da mahaifinsu zai raba musu gona, bai kafa dutse ba. Cewa ya yi kogi ne iyaka: hayin gabas na babban ɗansa, malamin makaranta, na yamma kuma na Auta.

Shekara huɗu ke nan kogin yana cin gaɓar malamin. Kowace damina sai ƙasa ta zabtare, har ruwa ya tone saiwar mangwaron da tsohon ya dasa da hannunsa. A hayin Auta kuwa laka ce ke taruwa, baƙa wuluk, yana ta shuka albasa.

Malamin bai taɓa ƙullatar kowa ba, don abin da yake koyarwa ke nan. Inda kogi ya yi kwana, ruwa kan yi gudu ta waje ya ƙwaƙule gaɓa, ta ciki kuma ya lafa ya sauke kayansa. Yana da farantin yashi a aji, yakan tsiyaya ruwa da buta don ɗalibai su gani. Wata rana, tun kafin gaɓarsa ta fara zabtarewa, Auta ya kawo masa saƙo, ya tsaya a taga, har ya tambaya me zai faru in an kafa wani abu a cikin ruwan. Malamin ya ji daɗin tambayar. Ya soka ashana uku a yashi, ya nuna masa yadda ruwa ke karkata ya afka wa ɗaya gefen.

Bana ruwa ya janye fiye da kullum. Mai fito ya yi wa malamin ƙorafi cewa wani abu na kartar cikin kwalekwalensa a hayin yamma, ya kai shi ya gani. Turaku ne goma sha biyu, a jere, a karkace, daidai yadda ya soka ashanar nan.

Ya sami Auta yana ban ruwa. Auta bai musa ba.

"Yaya, Baba cewa ya yi kogi ne iyaka. Bai ce kogi ya tsaya wuri ɗaya ba."

"Da ƙasa ka roƙe ni, ai da na ba ka," in ji malamin.

Ya shiga ruwa ya kama turke ɗaya ya jijjiga. Ko motsi bai yi ba, lakar shekara huɗu ta riƙe shi gam.

Sai ya haye gaɓarsa, ya ɗauko gora, ya shiga kaɗo mangwaron tun yana ɗanye. Ya san itacen ba zai ga wata damina ba.