Ranar da Iya Agba Ta Miƙo Mini Jariri

Ku yi haƙuri da ni, ban taɓa rubuta labari ba, karanta na wasu kawai na iya.

Ina ajin ƙarshe na sakandare a Ogbomosho na gaya wa Baba ina son makarantar koyon aikin jinya, in riƙa kula da yara. Ya ƙi. "Morenike, ke da ko kofin shayi rawa yake a hannunki? Malanta za ki karanta."

A satin ne Anti Bolatito ta haihu. Kakata, Iya Agba, ita ke wanke jariran gidanmu. Ta goge yaron da manja da soso, ta mimmiƙe masa hannuwa, sannan ta cilla shi sama ta cafe don kada ya tashi da tsoro. Na rufe ido.

"Ga wadda aka haifa a asibitin Legas, ba wanda ya cilla ta," in ji Iya Agba tana nuna ni. Matan da suka zo barka suka yi dariya. "Zo nan, sarkin karatu. Karɓi."

Ta ɗora mini shi a jiƙe, yana tsala kuka. Na tallafe ƙeyarsa, na manna shi a ƙirjina, ina masa magana ƙasa-ƙasa har ya yi shiru.

Iya Agba ta dubi Baba a bakin ƙofa. "Adigun, ka gani. Hannun na rawa, amma bai saki ba. Bar ta ta tafi."

Baba ya sunkuyar da kai. "To, Iya."

Na miƙa wa Anti ɗanta. Suna gardamar hancin wa ya ɗauko, na sulale na fita.