Juwairiyya a Jikin Allon Bugu

Daren jiya wani mafarki ya kai ni Meziko, ƙasar da ko a hira ban taɓa ambata ba. Ina goye da 'yata Juwairiyya, mai wata goma sha ɗaya. Rana ce tsaka, ruwan sama yana tashi daga ƙasa yana komawa gajimare, don haka na juya lemata na kare ƙafafuna.

Bangon garin duk zane ne, tsayinsa ya wuce hasumiyar masallacin Juma'a. Manoma ne da ma'aikata, riƙe da lauje da damin masara, sun fito karɓar gonakinsu. Kuma tafiya suke da gaske, a cikin bangon. Wallahi baki buɗe na tsaya. Wata mata a zanen ta ɗaga min hannu, tafin nan kamar faifai.

Sai ga ni a wani ɗaki mai warin tawada, gaban tsohon da ya zana bangon, Baba Seferino.

"Bango ba ya zuwa ƙauye, 'yata," in ji shi. "Shi ya sa nake sassaƙa zanen a allon katako, in shafa tawada, in danna takarda a kai, kowa ya samu nasa."

Na kai hannu baya in gyara goyo. Babu kowa.

Ga Juwairiyya a jikin allon, a bayan wata manomiya, tana tsotson yatsa. Ga takardu hamsin an shanya a igiya kamar wanki, kowace da lambarta da fensir, kowace da fuskar 'yata.

Wata jimina sanye da farar safar hannu, mai tara irin waɗannan zane-zane, ta tare ni.

"Hajiya, daina numfashi kusa da su. Gilashi za su shiga. Ba rana, ba danshi, shekara ɗari."

"Yarinyar da ko kokonta ba ta sha ba?"

Baba Seferino ya ɗauko wuƙa. "Al'adar sana'a ce. In bugu ya cika sai a tsaga allon, kada a ƙara ko ɗaya. Da haka masu tarawa ke ganin darajarsu. Zaɓi guda ki tafi da ita."

Na bi su ɗaya bayan ɗaya. Duka hamsin ɗin yatsan dama suke tsotsa, don bugu yana juya komai. Tawa kuwa bahaguwa ce, har a barci. Ta jikin allon ce kaɗai ke tsotson na hagu.

"Baba, ajiye wuƙar nan. Ba kai ka ce don kowa ya samu kake yi ba?"

Ya sunkuyar da kai. Ban jira amsarsa ba. Na shimfiɗa majanyina a kan allon, na kwanta da bayana a kai, na danna da duk ƙarfina yadda ya ce yana danna takarda. Sai na ji ɗumi. Sai nauyi. Na tashi da ita, ta tsala kuka, tawada har kunne.

A waje tattakin ya tsaya cak. Manoman bango, dubbai, suka cire malafunsu a tare, inuwa ta rufe garin.

Injin markaɗen maƙwabta ne ya tashe ni. Ƙafar Juwairiyya tana kan wuyana, ta danne min maƙogwaro. Ban kawar da ita ba.