Murfin Kwalba Mai Ƙafar Kaza

Ina surfen gero a tsakar gida, bayan azahar, ranar kasuwar Kanambakashe, sai na ji matan maƙwabta sun yi tsit. Darni ɗaya ya raba gidanmu da na Safa, kuma ban taɓa jin gidan nan shiru ba. Na leƙa ta sama, na ga mata sun haɗa kai bisa waya ɗaya. Daga cikin wayar ana jin hayaniyar maza, da wani sauti kamar ana bugun buhun gyaɗa da sanda. Da Safa ta ɗago ta gan ni, sai ta tura wayar cikin zane.

"Mi ne ne, Safa?"

"Ba komi, Zara'u. Shirmen yara ne. Koma ki ƙare aikinki."

Ban ƙare ba. Moton Yaya Jaji, wan maigidana, ya tsaya a ƙofar gida. Ya shigo ba sallama, gaban rigarsa duk jini, ƙafa ɗaya ba takalmi.

"Zara'u, ajiye taɓaryar nan ki zauna."

"Faɗi ina tsaye, Yaya."

"Sun kashe Cindo."

"Su wa?"

Ya ce, "Kasuwa."

Maigidana Abdulmumin ne sunansa na yanka, amma kowa Cindo yake ce masa, saboda ɗan ƙaramin yatsa na shida da aka haife shi da shi a hannun hagu. Noma yake yi kamar kowa. Da rani kuma yana sharjin waya. Yana da fano biyu masu shan rana, da batir na mota, da akwatin katako mai igiyoyi. Ranar kasuwa sai ya ɗora su a amalanke ya tafi rumfarsa. Bai yi lakwal ba, wato boko, ba ya rubuta sunan kowa. Murfin kwalbar lemo yake tarawa, ya huda su da ƙusa biyu-biyu, zane iri ɗaya: wani wata, wani hauya, wani ƙafar kaza. In ka kawo waya, sai ya ɗaura mata murfi ɗaya da jan zare, ya ba ka ɗan'uwansa. Wanda ya dawo da murfi shi ke da waya. Ba ya tambayar sunanka, ba ya tambayar garinku. Duk ƙauyenmu babu babban da bai taɓa riƙe murfin Cindo a aljihu ba.

A kasuwar da ta gabata wani mutum mai rawani ya kawo masa waya babba, baƙa, mai sheƙi, wuta ta ƙare mata. Ya karɓi murfinsa ya tafi, bai dawo ba har aka watse. Maigida ya zo da ita gida. Ɗiyarmu Ramatu ta ɗauka tana duba fuskarta a ciki, ya buge mata hannu.

"Ajiye. Amanar mutane ce."

Na ce masa ya duba fus ɗin da ke ciki, ɗan katin layin nan, tunda an yi doka kowane fus sai da sunan mai shi, har mu ma an kai mu Mayahi da katinmu aka rubuta namu. Ya duba, babu fus. Ya kashe ta, ya naɗe ta da tsumma, ya ce, "Mai ita zai dawo. Wa ke barin irin wagga?"

Abin da ba mu sani ba, wayar ta wani mai sayar da shanu ce daga Korgom, Lamine sunansa. An tsince shi a hanya an yanka masa wuya, an tafi da motonsa da wayarsa. Ɓarawon ya cire fus ya jefar, don kowa ya san fus ne ke ɗauke da suna. Daga baya wani jandarma ya yi mini bayani cewa sabbin wayoyin nan ko ba fus, muddin suna kunne, suna tsegunta wa wayoyin da ke kusa da su inda suke. Akwatin maigidana kuwa cike yake da wayoyi. Kuma ɗabi'arsa ce duk wayar da ya sa wa wuta sai ya kunna ta ya ga ta ɗauka. Tun kasuwar farko ƙanen mamacin, Maman Sani, ya ga alamar wayar ta fito a tasa wayar. Sai ya jira kasuwa ta zagayo, ya zo da mutanensa.

Yaya Jaji yana wajen awaki lokacin. Ya ce Maman Sani ya tsaya gaban rumfa ya danna wani abu, sai waya ta fara kuka daga cikin akwatin, don maigida ya sake kunna ta da safen yana jiran mai ita. Ya zaro ta, ya ɗaga sama, ya ce ga wanda ya yanka ɗan'uwansa. Kafin Yaya ya keta mutane ya iso, an gama.

Da la'asar aka kawo shi a amalankensa, an rufe shi da buhu. Masu wanka sun ce kada in gani. Na gani. Fuskar ba tasa ba ce. Sun fasa masa kai, sun karya hannun dama wuri biyu, kuma wani ya ɗaga batir ɗinsa ya sake masa a ƙirji, ruwan batir ya cinye rigar da fatar. Da hannun hagu na gane shi, ɗan yatsan nan yana nan lafiya, ko ƙwarzane babu. Sahun da ya yi masa salla bai kai na jaririn da aka rufe satin da ya wuce ba.

Mutuwar na ɗauka, don ta Allah ce. Sunan ne na kasa ɗauka. Bidiyon ya shiga kowace waya daga nan har Tasawa, da murya a kansa tana cewa an kama ɓarawo mai yanka mutane. Wasu suka je suka ƙone rumfar, suka farfasa fano ɗaya. Matan da ke kawo mini gaisuwa sukan tsaya daga bakin ƙofa. Wata rana Ramatu ta dawo daga lakwal girarta a tsage, jini har wuya. Yara suka jefe ta da dutse suna kiranta ɗiyar mayanki. Ina wanke mata ta tambaye ni, "Inna, da gaske Baba ya yanka mutum?" Na ce a'a. Ta ce, "To don mi kowa ke faɗi?"

Ran nan na iske Yaya Jaji a zaure yana wasa adda, ya ce Korgom za shi.

"In ka sare wani a can, Yaya, za a ce gidan makasa ne dama. Ramatu ce za ta sha duwatsun."

"To in zauna ina kallo?"

"Ka zauna. Ni ce ban kalla ba tukuna."

Na kira Safa ta saman darni na ce ta kawo wayarta. Ta yi rantsuwa ta goge. Na ce, "Safa, ke da ko hoton ɗinkin bara ba ki gogewa." Ta shigo tana kuka, ta kunna, ta juya baya.

Na ga maigidana zaune a kan tabarmarsa, ya ɗaga hannu biyu yana magana, hayaniya ta hana a ji. Maman Sani ya fara, da sandar makiyaya, a gefen kunne. Ya faɗi, ya yunƙura, wani ya harbe shi da ƙafa a baki. Daga nan sanduna suka rufe shi. Na ga mai naman da ke kawo wayarsa kullum ya zo da icen rumfa. Na ga ɗan maigari yana riƙe da waya sama yana ɗauka, yana matsawa don ya samu wuri mai kyau. Na ga wanda ya ɗaga batir, mutumin unguwarmu ne, ya ci tuwo a gidanmu ranar sunan Ramatu. Maigida ya daina kare kansa, ƙafarsa kaɗai ke motsi, ba su daina ba.

Na ce ta sake kunnawa. A karo na biyu ban kalli maigida ba, wayar da ke hannun Maman Sani na kalla. Ga jan zare yana lilo, ga murfin kwalba a ƙarshensa. Na ɗauko jakar murafunsa da aka dawo mini da ita, na zazzage a tabarma, na haɗa su biyu-biyu. Wata da wata, hauya da hauya. Ƙafar kaza ce babu, duka biyun.

Ina cikin takaba, amma na yafa mayafi na fita. Yaya Jaji ya bi ni. Dattawa suna zaune a ƙofar maigari, liman yana cikinsu. Da ya gan ni ya ce, "Ƴar nan, mai takaba ba ta yawo."

"Gafarta malam, na sani. In na gama sai in koma ɗaki."

Na durƙusa na miƙa wa maigari wayar Safa na ce a kunna kowa ya gani. Ya ce ba kyau a yi ta kallon mamaci. Na ce, "Ranka ya daɗe, duk garin nan an kalle shi, ni ce ta ƙarshe." Yaya Jaji ya kunna, ya tsayar daidai inda zaren ya fito, ya zagaya da ita gaban kowane dattijo.

Na ce, "Wane ne a nan bai san wannan zare ba? Wanda ya yanka mutum ya sace wayarsa, zai ɗaura mata murfi yana jiran mai ita?"

Kowa ya kawar da ido daga wayar. A nan na gane sun daɗe da ganin zaren. Duk wanda ya kalli bidiyon a ƙauyen nan ya gan shi. Amma in Cindo ba ɓarawo ba ne, to ƴaƴansu da ƙannensu da ke cikin hoton mi suka zama? Maigari ya ce a bar wa Allah, a rufa wa juna asiri. Na ce ni ba jinin kowa nake nema ba, sunan uban ɗiyata nake so a mayar mata. In ba a faɗe shi a masallaci ba, zan je in faɗe shi inda ake rubutawa.

Jumma'a ta zo ta wuce, liman bai ce komi ba. Da safe Yaya ya ɗauke ni a moto zuwa wurin jandarma, da jakar murafu a cinyata. A can na faɗi sunan maigidana da bakina, abin da ban taɓa yi ba tun da aka kawo ni gidansa. Suka kalli bidiyon, suka kalli murafun. Wayar Lamine tana hannunsu tun ranar, suka ɗauko ta daga aljihun tebur, ga zaren nan a jikinta, ga ƙafar kaza.

Bidiyon da aka ɗauka don a kunyata shi, shi ya nuna fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya. Aka kwashi Maman Sani da mai nama da mai batir da wasu. Ranar da aka kira ni in shaida, na ga Maman Sani zaune a benci da ankwa. Ya rame. Ya ce, "Baiwar Allah, ni ma ɗan'uwana aka yanka kamar rago. Ni na ɗauko shi daga hanya. Waya ce ta nuna mini wurin."

"Ta nuna maka wurin. Ta ce maka shi ne?"

Ya sunkuyar da kai. Na ce, "Yana ta yi maka magana da hannu biyu sama. Mi yake cewa? Ni ban ji ba, kai ne kusa."

"Cewa yake, mai ita zai dawo."

Bayan an tafi da su ne liman ya tashi ranar Jumma'a ya ce Abdulmumin ba ɓarawo ba ne, an zalunce shi, a yi masa addu'a. Yaya Jaji ya sa Ramatu ta tsaya a bakin masallaci don ta ji da kunnenta. Ta dawo ta ci tuwo sosai ran nan. Akwai gidajen da har yau ba sa gaishe ni, saboda mazansu suna kaso ta dalilina. Bidiyon ma yana nan yana yawo a garuruwan da ba su san mu ba, da tsohuwar muryar a kansa. Wannan ba ni da yadda zan yi da shi.

Mai rawanin ba a same shi ba. Da aka gama shari'a jandarma suka kwance zaren suka ba ni murfin, yana cikin kwallata. Fanon da ya rage na jingina shi a bayan ɗaki, ina sa wa matan unguwa wuta a wayoyinsu, waɗanda na san su na san iyayensu. Ɗan'uwan murfin kuwa yana wani wuri, ko a aljihun mutumin, ko ya yar a hanya. Kullum in zan tafi rijiya, duk murfin kwalbar da na gani a ƙasa sai na sa yatsan ƙafa na juya shi, in duba ko an huda.